Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Masu Koyon Kiwon Tumaki da Awaki a Babban Duhu

Wakilin Mai girma Yariman Katsina Hakimin Safana, Allah ya ja zamaninka; wakilin Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari; Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Safana; kansilolin Babban Duhu A da B; magaddai, masu unguwanni da limamai; malaman gona na KTARDA; iyayenmu mata; jama'a, assalamu alaikum.

Alhamdulillahi, waɗannan ɗalibai sun sha karatu. Sun koyi gyaran turke da kwashe taki, sun koyi adana harawa da ƙaiƙayi tun da kaka, da haɗa dusa da kanwa, da ba da maganin tsutsar ciki, da cire kaska. Yau suna bambance Balami da Uda da 'Yankasa, sun kuma san darajar jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai.

Kowa a nan ya san ɓarayin da suka fito mana daga dajin Rugu. Shanu sun tafi. Gida nawa ne yau ba su da abin kamawa sai akuya biyu? Akuya cikin wata 5 take haihuwa, sau da yawa tagwaye, da ita ake sayen taki, da ita ake kai yaro asibiti.

Shi ya sa zan tsaya a kan allurar rigakafi, ranka ya daɗe Ciyaman. Annobar PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, idan ta shiga garke ba ta da magani, sai a yi ta yanka. Amma allura ɗaya tana tsare dabba shekara 3. A nan ƙasar ake yin ta, a cibiyar Vom ta Jihar Filato, duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar. Sai dai allurar ba ta jure zafi. In ta taso daga Katsina babu ƙanƙara, kafin ta iso nan ta zama ruwa. Muna roƙon firji mai sola, da babur da mai domin malamin dabbobi, kuma a sa su cikin kasafin bana. Ba mu so mu koya wa mace kiwo, ta yi wata shida tana wahala, a kwana uku ta wayi gari turke babu komai.

Ku na bayan rumfa, a yi shiru, maganar ta zo kanku! Magidanta, akuyar matarka tata ce. Kada ranar kasuwa ta zo ka ja ta ka ce rance ne. Wanda ya yi haka, Magaji zai ji.

Ku kuma ɗalibai, dabbar da kuka sayo a kasuwa ku ware ta mako 3 kafin ku haɗa ta da sauran.

Yanzu ina gayyatar wakilin Yarima ya miƙa takardun shaida.