Wahalar Gadon Gwani: Labarin Masu Horar Da 'Yan Wasa A Jami'ar Alabama

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wasanni, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan ɗauka. Na san da yawa sun zaci ƙwallon Turai zan taɓo, to sai ku yi mini haƙuri, yau Amurka za mu leƙa. Zan yi magana ne a kan wata gardama da ta tashi a jihar Alabama a watan Janairu na 2024, wato ko Kalen DeBoer ya isa ya zauna a kujerar da Nick Saban ya bari ta horar da 'yan wasan jami'ar jihar. Gardama ce da mu ma mun san irinta. Duk sanda muka haɗu a nan, ba ma watsewa sai wani ya ce ai shugaban makaranta na zamaninmu ba a sake yin kamarsa ba.

Da farko dai, wasan da nake nufi ba ƙwallon ƙafarmu ba ce. Ƙwallon Amurkawa ce, wadda take da siffar ƙwai, ana ɗaukarta a hannu a ruga, ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasa goma sha ɗaya a kowane ɓangare sanye da hulunan kwano. Gasar jami'o'i kuwa a can ba wasan yara ba ce. Filin wasan jami'ar Alabama da ke garin Tuskalusa yana ɗaukar mutum wajen dubu ɗari, kuma kocin ƙungiyar ya fi gwamnan jihar albashi nesa ba kusa ba. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, wasanni goma sha biyu kawai ake bugawa a kaka kafin a shiga na kofi. Saboda haka a ci ka sau uku a shekara babbar magana ce.

Gwani na farko a wannan jami'a shi ne Paul Bryant, wanda ake yi wa laƙabi da Bear. Ya riƙe ƙungiyar shekara 25, daga 1958 zuwa 1982, ya ɗauki kofin ƙasa sau 6. Da ya ajiye aiki yana da nasara 323 a duk jami'o'in da ya koyar. Ya jagoranci wasansa na ƙarshe a ƙarshen Disamba na 1982, ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1983, mako huɗu kacal bayan nan. Rasuwar da ta zo a kan gaɓa haka ta sa mutanen jihar suka ƙara ɗaukaka shi, har ya zama ma'aunin da ake auna kowa da shi.

Ku dubi abin da ya sami magadansa. Ray Perkins, wanda tsohon ɗan wasan Bryant ne, ya bar aikinsa a ƙungiyar New York Giants ya zo ya karɓa. Akwai wata doguwar hasumiya ta ƙarfe a filin atisaye, wadda Bryant yake hawa yana kallon yaransa daga sama. Perkins ya sa aka sauke ta, domin shi a ƙasa yake aikinsa tare da 'yan wasa. Mutane ba su yafe masa wannan ba. A 1984 ya ci wasa 5 aka ci shi 6, abin da jami'ar ba ta gani ba tun 1957, bayan shekara huɗu kuma ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Bill Curry da ya biyo shi ya fi shi shan wuya, don shi baƙo ne, bai yi karatu a Alabama ba. Cikin shekara uku ya ci wasa 26 aka ci shi 10, amma bai taɓa cin Auburn ba, abokiyar gabarsu ta cikin jiha, kuma an ba da labarin cewa a 1988 wani ya jefa bulo ta tagar ofishinsa bayan an ci su wani wasa. Shi ma da ƙafarsa ya tafi. Gene Stallings ne kaɗai ya sami lafiya. Ya mai da hasumiyar nan wurinta, ya kuma ɗauki kofi a 1992. A taƙaice, daga 1983 zuwa 2006 jami'ar ta naɗa koci bakwai, kofi ɗaya ta samu, ɗaya daga cikin bakwai ɗin ma an sallame shi tun bai jagoranci wasa ko guda ba. Masu bin Manchester United a cikinmu, waɗanda suka ga yadda aka yi da David Moyes wata goma bayan ya gaji Alex Ferguson a 2013, ba sai na yi musu dogon bayani ba.

Sai Nick Saban ya zo a 2007. Cikin shekara 17 ya ɗauki kofin ƙasa sau 6, a 2009 da 2011 da 2012 da 2015 da 2017 da 2020, ban da wanda ya riga ya ɗauka a jami'ar jihar Luwiziyana a 2003. Daga 2008 har ya ajiye aiki babu shekarar da bai ci wasa goma ko fiye ba. Yaron da aka haifa a jihar a 2005 ya girma har ya shiga jami'a bai san wani abu ba sai nasara.

Wannan ita ce kujerar da DeBoer ya hau kwana biyu bayan Saban ya yi murabus ranar 10 ga Janairu, 2024. Ba kuwa a titi aka tsinto shi ba. Ya ɗauki kofin ƙananan jami'o'i sau uku a Sioux Falls, ya kuma kai jami'ar Washinton wasan ƙarshe na kofin ƙasa a wannan watan da aka ɗauke shi. A shekararsa ta farko ya ci 9 aka ci shi 4. Ya doke Jojiya da maki 41 da 34, gari ya ɗauki murna, mako guda bayan nan sai Vanderbilt ta ci su 40 da 35, ƙungiyar da rabonta da cin Alabama tun 1984. Nan take aka fara cewa da Saban ne da haka ba ta faru ba.

To, a nan ne nake ganin ma'aunin ya karkace. Ana ɗaukar shekarun da gwani ya fi haskakawa a auna su da shekarar farko ta magaji. Bryant a 1958 ya ci 5, aka ci shi 4, aka yi canjaras 1, sai a shekara ta huɗu ya ga kofi. Saban a 2007 ya ci 7 aka ci shi 6, har wata ƙaramar jami'a, Luwiziyana-Monroe, ta zo gidansu ta doke su. Babu mai tuna waɗannan yanzu, domin kofuna sun rufe su.

Ban da haka, dokokin wasan kansu sun sauya. A zamanin Bryant ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ce take fitar da zakara, wani lokaci ma tun ba a buga wasan ƙarshe ba. A 1964 da 1973 an naɗa Alabama zakara, daga baya ta je aka ci ta a wasan rufe kaka, kofin kuma ya zauna. Yawancin shekarun Saban kuwa, ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya yi zaman shekara guda bai buga ba, kuma haramun ne a biya shi kuɗi. Koci mai suna yana iya tara zaratan yara ya ajiye su a benci shekara biyu suna jiran layi. A 2021 aka sassauta dokar sauya sheƙa, aka kuma yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa, a 2025 jami'o'i da kansu suka fara biyan 'yan wasa. Da Saban ya tafi, doka ta ba yaransa kwana 30 su fita in sun so, kuma wasu daga cikin mafi kyawu sun fita, irin su Caleb Downs da ya koma jami'ar jihar Ohayo. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Sannan ga gwanin nan da ransa. An sa wa filin da ake buga wasa sunansa a 2024, an bar masa ofis a ginin filin, kowace Asabar ta kakar wasa kuma yana talabijin yana sharhi.

Amma kada a ce na zo wanke DeBoer ne. Akwai abin da masu sukarsa suke da gaskiya a kai. Bryant ya gaji ƙungiyar da ta ci wasa 4 kawai cikin shekara uku, Saban ma rusasshen gida ya tarar. Shi kuwa DeBoer ya gaji ƙungiyar da ta ci wasa 12 a 2023. Wanda aka ba gona a nome ba zai kawo uzurin wanda aka ba daji ba. Kashin da Oklahoma ta ba su a Nuwamba na 2024, maki 24 da 3, ba sauyin doka ne ya jawo shi ba, rashin shiri ne. A kakar 2025 ya ɗan gyara, ya ci 11 aka ci shi 4, ya je har gidan Jojiya ya doke su, ya kuma shiga gasar fitar da zakara. Sai dai ranar 1 ga Janairu, 2026, Indiyana ta lallasa su 38 da 3.

Wannan wasa na Indiyana shi ne, a ganina, hujjar da ta fi nauyi a kansa, ta fi duk kofunan Saban. Kocin Indiyana, Curt Cignetti, tsohon mataimakin Saban ne a Alabama. A shekara ɗaya suka fara aiki da DeBoer, ƙarƙashin doka ɗaya, a jami'ar da ba a san ta da ƙwallo ba, ya kuma ɗauki kofin ƙasa a shekararsa ta biyu ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. In za a tuhumi DeBoer, da Cignetti da sauran tsararrakinsa ya kamata a gwada shi, don su ne suke fama da irin abin da yake fama da shi. A wannan ma'aunin, ni dai hukuncina shi ne koci ne mai kyau wanda bai kai sahun gaba ba tukuna. Wannan kuwa ya sha bamban da cewa ya gaza don bai zama Saban ba.

Ko mutanen Tuskalusa za su yarda da wannan ma'auni, wannan wata magana ce. A ƙofar filin wasansu akwai mutum-mutumi biyar na masu horarwar da suka ɗauki kofin ƙasa: Wallace Wade da Frank Thomas da Bryant da Stallings da Saban. Ta gabansu 'yan wasa da kocinsu suke wucewa duk ranar da za a buga wasa a gida.

Mai girma shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo.