AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kaya Shida A Kai Ɗaya, Wanne Za A Fara Saukewa?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin ita kaɗai ta cika faifai, kuma mun san ba mai ita kaɗai abin ya shafa ba.

Ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Giwa ta Jihar Kaduna, ya kuwa roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce ya ci bashi ya sayi masara da kaka ya jibge a sito, da niyyar ya fitar da bazara, sai farashi ya karye, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Sigarin da a da yake shan kara biyar, yanzu kwali guda ba ya kai shi dare. Cikinsa yau kumburi, gobe gudawa. Gabansa na faɗuwa haka siddan. Ga saurin fushi, har yara kan watse in sun ji sallamarsa. Can ƙasan takarda kuma, kamar abin da ba a bakin komai ba, ya ƙara da cewa tari ya kama shi fiye da wata guda, har ya rame. To sai ɗansa ya nuna masa wani Bature a waya, yana yi wa mutane magana a hankali har su lumshe ido, wai in sun tashi sun rabu da taba, sun rabu da damuwa. Tambayarsa ita ce, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, ana iya kwashe masa duka shidan a zama ɗaya?

To Malam, da farko Allah ya yaye, ya mayar da alheri. Abin da ka gani sunansa hifnosis, mu kuma a nan bari mu kira shi barcin ido biyu, don mutum ba barci yake yi ba. Yana jin duk abin da ake faɗa, in ya ga dama ya buɗe ido ya tashi ya yi tafiyarsa. Abin da ke faruwa shi ne hankalinsa ya tattaru wuri ɗaya, jiki ya saki, maganar da ake yi masa ta riƙa shiga sosai. Ka taɓa zama kana lissafin buhuna har a kira ka sau uku ba ka ji ba? Kusan irin wannan ne, sai dai a nan da gangan ake kai mutum. Ba turare, ba yanka, ba kiran iska. Magana ce kurum.

Abin ya daɗe a ƙasashen Turai. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, shi ya fara yin suna da shi a birnin Paris, yana cewa wai wani ƙarfi ne kamar na maganaɗisu ke fita daga jikinsa ya shiga na majinyaci. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamitin masana, cikinsu har da Benjamin Franklin na Amurka, suka gwada, suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin majinyacin ne ke aiki. Daga baya wani likitan fiɗa a Manchester ta Ingila, James Braid, ya sake duba lamarin, ya rubuta littafi a kansa a 1843, daga nan ne sunan ya bazu, asalinsa kalmar barci ce a harshen Girka. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta yarda a yi amfani da shi wajen wasu larurori. Ka ga ke nan ba ƙarya ba ce zalla. Amma kuma ba kowa yake kamawa daidai ba. Waɗansu ƙalilan nan da nan suke nutsewa, waɗansu ko gezau, akasarin mutane suna tsakiya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce gundarin zancen. Amsar ita ce a'a. Ƙwararre na gaske ba zai ɗauki shidan a zama ɗaya ba, kuma wanda ya ce maka zai iya, ka riƙe aljihunka.

Irinka su ne suka fi yawa a wurin masu wannan aiki. Da wuya mutum ya zo da abu ɗaya. Zai zo da sunan taba, ana cikin hira sai rashin barci ya fito, sai faɗa da iyali, sai bashi. Shi ya sa zaman farko a wurin wanda ya san aikinsa yawanci tambayoyi ne, wani lokaci ko ido ba za a ce ka rufe ba. Yaushe wannan ya fara? Wanne ya riga wanne? Wane magani kake sha? Likita ya duba ka? Kamar dai mai awo ne da aka kawo masa buhu an gauraya gero da dawa da tsakuwa: ba zai sa tiya ba sai ya rairaye.

Abu na farko da zai ware shi ne wanda ba nasa ba. A cikin wasiƙarka, Malam, abin da ka sa a ƙarshe shi ne ya kamata ya zo a farko. Tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga mutum mai shan taba, wannan na asibiti ne, kuma gobe-goben nan, ba bayan kasuwa ta ci ba. A gwada majinarka a ga ko tarin fuka ne. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da wannan cuta, ana kuwa warkewa sarai in an sha magani wata shida ba fashi. In shi ne, kowace rana ka ƙara a gida kana iya sa wa yaran nan. Faɗuwar gaba ma a auna jininka, domin hawan jini, ko ƙarancinsa, ko ciwon zuciya, duk suna iya ɓuya a bayanta. Ciki kuma, in ka taɓa ganin jini a bayan gida, ko ya fito baƙi ƙirin, ka gaya wa likita kada ka ji kunya. Babu maganar da za a raɗa maka a kunne ta kashe ƙwayar cuta. Haɗarin ma shi ne a kwantar maka da hankali ka ji sauƙi-sauƙi, ciwo kuwa yana can yana ci.

In an cire na asibiti, sai a dubi sauran. A nan ne gwaninta take. Abubuwan nan ba zaman kansu suke yi ba, a ɗaure suke kamar igiyar guga da ta cukurkuɗe. In ka ja kowane ɓangare da ƙarfi sai ƙulli ya ƙara tamkewa, dole ka nemi bakin. Duba naka. Kafin masara ta faɗi kana barci. Tunanin bashi ya hana ka barci. Da safe ka tashi jiki a mace, sai goro da shayi mai kauri da sigari don ka iya tsayuwa a kasuwa. Goro da shayi suna da sinadarin da ke kore barci, wanda in ka sha da la'asar, kusan rabinsa yana nan a jininka bayan awa biyar. Taba ita ma tana sa zuciya ta ƙara gudu. Dare ya yi, ido ya bushe, tunani ya dawo. Wanda kuwa ya kwana uku bai runtsa ba, ko kaza ce ta gitta sai ya yi mata tsawa. Ka ga fushin ba baƙo ba ne, ɗan rashin barci ne, shi kuma jikan bashi.

Don haka mai aikin zai zauna da kai ku zaɓi abu ɗaya. Ka lura, ku zaɓa, ba ya zaɓa maka ba, domin wannan aiki ba ya tafiya sai da son ran mai shi. Mutumin da matarsa ce ta turo shi ya bar taba, shi kuwa barci ne damuwarsa, in aka fara da taba an yi asarar zama. Ga mai labari irin naka, galibi damuwa da barci za a sa gaba, saboda su ne suka fi jan sauran. Akwai kuma wani dalili. Makon farko na barin taba yakan zo da ƙunci da rashin barci da saurin hasala, sai bayan mako biyu zuwa huɗu abin ke lafawa. Wanda ya ɗan samu barci ya fi iya jure wannan. Amma fa in likita ya duba ƙirjinka ya ce ka ajiye ta yau, maganarsa ce gaba, kada ka ce ai rediyo ta ce a jira.

Me ya sa ba za a haɗa duka ba tunda an riga an kwantar da mutum? Saboda maganar da ake yi a lokacin tana aiki ne in ta zama guda, a fili, ana maimaita ta. In aka ce maka ka bar taba, ka yi barci, cikinka ya lafa, ka daina faɗa, duk a numfashi ɗaya, ya zama aiken yaro kasuwa da saƙo goma. Bugu da ƙari, in an taɓa komai a lokaci guda ba a san wanne ya motsa ba. In kuwa abu ɗaya ne, bayan zama uku ko huɗu ana iya tambaya: da awa nawa kake barci, yanzu nawa? In babu canji a sake dabara, ko a tura ka wani wuri. Sau da yawa kuma in na farko ya warware, sai a tarar biyu sun bi shi ba a taɓa su ba.

Sai dai mu gaya maka gaskiya, ba a kowane ciwo hujjarsa ke da ƙarfi ɗaya ba. Inda ya fi nuna amfani har da rage zafin ciwo, da irin ciwon cikin nan da ake bincike a rasa komai amma hanji ya yi ta rikici. A 1984 wani likita a Manchester, Peter Whorwell, ya gwada shi a kan majinyata 30 masu wannan larura da magani ya gagara, waɗanda aka yi wa suka samu sauƙi ƙwarai fiye da sauran. A 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce ana iya gwada shi ga wanda ya shekara yana shan magani bai ji daɗi ba. Wannan kuwa zama ne bakwai zuwa goma sha biyu, a cikin wata uku, ba na yini ɗaya ba. Taba fa? A 2019 masu tace sakamakon bincike na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka ce babu isasshiyar hujjar cewa ya fi sauran hanyoyin barin taba. Hoton da ɗanka ya nuna maka, waɗanda suka daina kaɗai aka ɗauka. Wanda ya koma bayan sati biyu ba a sa shi a waya.

Akwai kuma wanda bai kamata a yi masa ba sam: mai taɓin hankali da ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, domin yana iya ƙara rikita shi. Haka nan ka guji mai cewa zai mayar da kai baya ya tono wanda ya yi maka asiri ko ya cuce ka tun kana yaro. A wannan hali mutum na iya "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma rantse a kai. A Amurka, a shekarun 1990, gidaje sun watse a kan irin wannan, har aka yi ta shari'a. Ko a Ingila doka ba ta tilasta wa mai wannan sana'a wani karatu na musamman ba, balle wanda ya bullo a waya yana neman a tura masa kuɗi. Mai kaya da yawa shi ya fi sauƙin damfara, don ana iya yi masa kuɗin kowanne daban.

A ƙasarmu masu wannan aiki da horon asibiti ba su da yawa, amma tsarin da muka bayyana ba sai da Bature ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara a asibitin Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, haka suke rairaye matsala. Zuwa can ba ya nufin hauka. Abin da ka lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, wanda a wurinmu ya fi fitowa ta jiki, kuma yana da magani. In har ta kai ka fara jin gara mutuwa da wannan rayuwa, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani naka yau, ku tafi asibiti tare.

Kafin nan, ka tsayar da goro da shayi daga azahar. In ka kwanta, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi ya fi jan tsawo, kamar sau ashirin, kana sakin kafaɗu da muƙamuƙi. Bashin kuwa babu mai lumshe maka ido ya biya shi. Ka samu dattijo ɗaya a kasuwa, ko shugaban 'yan hatsinku, ya raka ka wurin mai kuɗin a yanka maka biya kaɗan-kaɗan, a rubuta, a sa shaidu. Gudun haɗuwa da shi yana cikin abin da ke cin barcinka.

Muna jiran wasiƙarka ta biyu, Malam, ka gaya mana abin da gwajin majinar ya nuna. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.