KASUWA TA SHIGO MANA GIDA

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasan 'yan'uwa na Boɗinga da Shagari.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Rahama da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.



Ba mun taru ne don mu zagi kasuwanci ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija. Abin da ke damunmu shi ne kasuwa ta bar rumfunanta ta shigo mana gida, ta shiga gona, ta shiga zumunci.

Ku tambayi dattawanku na Sifawa ko na Kajiji. A da, in magidanci ya kwanta ciwo da damina, gayya ake kira, samari su nome masa gona tas, ladansu fura da addu'a. Yau ko ɗan ƙaninsa sai an yi ciniki kafin ya ɗauki fartanya. Aure kuwa ba a magana. Saurayi mai addini da sana'a ya kai shekara talatin yana gwauro, ba don sadaki ya gagare shi ba, sai don akwatunan lefe da Shari'a ba ta ɗora masa ba. Uban yarinya shi ma ya sayar da gona saboda kayan ɗaki. To wa ya ci riba?

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Kuɗin kansu aka kasa ana sayarwa, mutum ya biya kafin a ba shi guminsa, mai jinya a asibiti ma ba a raga masa ba. A watannin ne kuma aka yi zaɓe, aka riƙa sayen ƙuri'a da taliya da sabulu da turmin atamfa. Hajar da aka fi ciniki a ranar, wallahi, mu ne matasa.

Kuma a ina? A ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, nan Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi yana Boɗinga. Wannan Malam Abdullahin, tun a 1807, da ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Jihadi ko kammaluwa bai yi ba, amma abin ya riga ya tayar masa da hankali. Ina ga ya ga namu?

Na san talauci gaskiya ne, cire tallafin mai a 2023 ya ƙara matse kowa. Amma kakanninmu ba su fi mu kuɗi ba lokacin da suke gayya.

Don haka kowace halƙa ta duba unguwarsu, ta rubuto gonar marar lafiya ko ta marayu guda ɗaya. Daminar bana mu za mu nome ta, kuma kada wanda ya karɓi ko kuɗin goro. Wanda ke da ƙanwa a gida, ya samu Baba cikin ladabi su tattauna batun lefe tun kafin masu nema su zo.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.