Wa Zai Riƙe Hannun Musa?

Karatu: Fitowa 17:8-13



A Refidim, Isra'ilawa sun yi yaƙi da Amalekawa. Muddin hannuwan Musa suna sama, Isra'ila na rinjaye. Amma Musa mutum ne, hannuwansa suka gaji. Sai Haruna da Hur suka kawo masa dutse ya zauna, suka riƙe hannuwansa har faɗuwar rana.

Mai ciwon sukari ma yana cikin yaƙi, sai dai nasa ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Kullum ne. Likita ya ce ya rage tuwo, doya da shinkafa, amma tukunya ɗaya ce a gida. A wurin biki a miƙa masa lemon kwalba, in ya ƙi a ce girman kai ne. Magani ya ƙare kafin kuɗi su zo. Allurar insulin tana bukatar sanyi, ga babu wuta. Wa ba zai gaji ba?

'Yan'uwa, ku ne Haruna da Hur na gidanku. Mama, ki ƙara wake da ganye irin su zogale da alayyahu, ki ɗibar wa Baba kununsa kafin a sa sukari. Ko acca ma a ci da awo. Yara, ku raka shi tafiya ta minti 30, kwana 5 a mako. Ku duba masa ƙafafu kowace yamma, gama ciwon yakan kashe jin zafi, ƙaya ta soke shi a gona bai sani ba, ƙaramin rauni ya kai ga yanke ƙafa. In kun ga yana gumi, jiki na rawa, magana na rikicewa, mai yiwuwa sukarinsa ya faɗi. In yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan sukari nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti.

Kafin ya shiga azumin ikkilisiya, ya tambayi likita. Kada kuma wani ya ce masa ya zubar da magani domin ya nuna bangaskiya. Luka, abokin aikin Bulus, likita ne. Allahn da ke jin addu'a shi ne ya ba likita sani.

Kai kuma mai ciwo, Musa bai ji kunyar zama a kan dutse ba. In ka gaji, ka faɗa wa iyalinka.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa marasa lafiya a gidajenmu, ka ba mu haƙuri da ƙauna mu riƙe hannuwansu. Cikin sunan Yesu. Amin.