Wa Kake Rubuta Wa? Koyar da Wasiƙar Zumunci a Zamanin Waya



Tun da aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, garin ya cika da matasa daga Haɗeja da Gumel da Dutse, kusan kowa da waya a hannu. Yaran nan suna rubutu fiye da yadda iyayensu suka taɓa yi. Amma ka ce ɗayansu ya rubuta wa kawunsa wasiƙa a aji, sai ya ciji biro ya zuba wa silin ido.

Mu malamai mun mai da wasiƙar zumunci abin hadda don jarrabawar WAEC da NECO: adireshi, kwanan wata, "bayan gaisuwa mai yawa", sai "dalilin rubuto maka wannan wasiƙa". Yaro ya cika shafi bai ce komai ba, domin kawun da yake rubuta wa babu shi a duniya.

Manyan cikinku sun san ɗan cirani a Kano ko Legas, wanda zai durƙusa gaban mai rubuta wasiƙa yana faɗa ana rubutawa: a gaida Inna, a ce wa Yaya kada ya yi gaggawar sayar da riɗi, ga kuɗin cefane nan a hannun direba. Bai san baƙi ba, amma ya san wanda zai saurara da abin da ke damunsa. Haka masu karatu suka riƙa aika wa Gaskiya Ta Fi Kwabo wasiƙu bayan ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta.

Ga abin da nake so ku gwada. Ku ba ɗalibi labari guda, na gaske: ambaliya ta cinye shinkafar gida, kuɗin makaranta bai samu ba. Ya rubuta shi ga mutum uku. Ga abokinsa a WhatsApp, ku ƙyale shi da "ykk" da "lfy" ɗinsa, muhallinsu ke nan. Ga mahaifiyarsa fa? Nan aikin yake. Ɗa ba ya faɗa wa uwa da buƙata kai tsaye. Sai ya tambayi jiki, ya gaida ƙanne, ya jajanta asarar gona, sannan ya lallaɓo da zancen kuɗi, ta yadda ba za ta kwana da zullumi ba. Littattafan Turanci suna cewa wasiƙar gida a sake ake rubuta ta. A sake, i, amma ba a cire ladabi.

Na uku, imel ga malaminsa, yana neman a ɗaga masa ƙafa. Wa bai taɓa samun "slm" da tsakar dare daga lambar da bai sani ba, ba suna, ba aji, ba bayani? Ɗalibin ya faɗi ko shi wane ne, da abin da yake so, a layi biyu na farko.

In sun gama, ku ajiye jan biro tukuna. A karanta a bayyane, wata ɗaliba ta zauna a matsayin uwa, a tambaye ta ko ta gane, ko kuma ranta ya sosu. Gyaran ƙa'idojin rubutu, da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ya biyo baya a darasi na gaba.