Furen Wake: Ganinmu da Ganin Ƙudan Zuma



Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to amma shi ganin ma yana da iyaka. Duk wanda ya ratsa gonakin Madobi da hantsi ya san furen wake: wani fari, wani shunayya, da ɗigon rawaya a gindinsa. Iyakar ganinmu ke nan.

Tun 1914 masanin nan Karl von Frisch ya tabbatar ƙudan zuma na rarrabe launi. Daga baya aka gano har yana ganin wani haske, altirabayolet, wanda Allah ya ɓoye wa idonmu. A cikin wannan haske furanni da yawa kan bayyana da gefe mai haske da tsakiya mai duhu, alamar da ke nuna masa inda zaƙi yake.

Wake kan yi wa kansa barbara, amma kankanar Kura da Bunkure ba ta 'ya'ya sai ƙwari irin su zuma sun ziyarce ta, galibi da safe, lokacin da fure ke buɗe. Saboda haka idan mun koma gida, mu roƙi iyayenmu manoma su jinkirta feshin maganin ƙwari sai yamma.