TAKALMIN MAI MOTO: KARIYA DA SAKEWA A ƘASAR DUWATSU

 



An nemi in yi magana a kan takalmin da ya dace da mai hawan moto. Wani zai ce al'amarin ya yi ƙanƙanta da a tara manya saboda shi. Amma duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita zuwa Tawa, ya san ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce da fako da ƙoramu. A nan moto shi ne jakin ɗan kasuwa, shi ne dokin malamin gona da mai allurar rigakafi da mai duba makarantu. Kuma ƙafa ita ce mafi kusa da ƙasa, ita ke fara karɓar hukunci idan aka faɗi.

Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Hular kwano ita ke tsare rai, babu mai musun wannan. Sai dai wanda ya tsira da ransa, sau da yawa a ƙafa yake ɗauke da rauni. Motocinmu sun haura kilo 100 tun ba a aza musu buhun albasa ba. Idan moto ya kwanta, a kan idon sawu yake kwanciya. Salansa tana ƙona ƙauri, tsakuwa tana kankare fata, wayoyin taya suna cin dunduniyar wanda aka goyo. Karayar idon sawu takan ɗaure mutum sati 6 ko fiye, a tafi da shi Galmi ko Tawa ko Maraɗi, rumfarsa a rufe, gonarsa ba mai shiga. Duk da haka da yawanmu da silifa muke hawa, wadda ita ce farkon abin da ke tashi sama idan aka yi karo.

Me ya sa muke haka? Zafi, da tsada, da salla. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Musulmi yana alwala sau da dama a yini, yana cire takalmi a ƙofar masallaci da zauren manya. Dogon takalmin ƴan tseren Turai, mai kai wa gwiwa, an yi shi ne domin wata ƙasa da wata rayuwa. Wanda ya saye shi zai sa shi kwana biyu, ya rataye shi a ɗaki, ya koma ga silifarsa. Takalmin da ke rataye kuwa bai taɓa tsare ƙafar kowa ba. Saboda haka jin daɗin takalmi yana cikin sharuɗɗan kariyarsa.

Akwai bincike mai ƙarfafa mana gwiwa. A shekarar 2011 masana a ƙasar Ostireliya sun buga sakamakon nazarin masu moto 212 da suka yi haɗari. Sun gano cewa ko takalmi mai wuya na yau da kullum, wanda ba domin moto aka yi shi ba, ya rage raunin ƙafa da kimanin rabi idan aka kwatanta da ƙaramin takalmi sau-ciki ko na wasanni. Ke nan talaka ba sai ya jira takalmin attajiri ba.

To, me mutum zai duba a kasuwa? Na farko, wuyan takalmin ya rufe idon sawu, ya kama shi sosai. Ku sa shi, ku ɗaure, ku ce wani ya finciko shi. In ya fita, a haɗari ma zai fita. Na biyu, ku kama shi da hannu biyu ku murɗa kamar mai matse wanki, sannan ku matse tafinsa ta gefe da gefe. In ya lanƙwashe cikin sauƙi, nauyin moto zai murƙushe shi da ƙafar da ke ciki. Na uku, ƙasansa ya zama roba mai zane wadda ba ta santsi a kan tsakuwa ko mai, ɗinkakkiya ta fi wadda aka liƙa da gam, domin zafin kwalta yana ɓamɓare gam. Na huɗu, ya zama na fata mai kauri, dunduniya da goshinsa da tauri. Na biyar, igiya: in tana da tsawo a cusa ta ciki, kada ta sarƙe a giya ko birki. Mai zif a gefe da madauri ya fi sauƙi ga mai alwala.

Ta fannin sakewa kuwa, ku gwada takalmi da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar auduga a ƙafa. Ku taka, ku tsuguna, in da hali ku hau moto ku ji ko ƙafar hagu tana shiga ƙarƙashin giya, ta dama kuma tana jin birki. Takalmin roba na damina yana dafa ƙafa, kuma yana zamewa. Masu ciwon suga su ƙara lura, domin ƙaramin ƙurji kan zame musu babban miki. Kuma kafin a sa takalmi da safe a zazzage shi, saboda kunama.

Mai halin sayen na ƙasashen waje ya nemi alamar CE da lambar EN 13634, wato ma'aunin Turai na takalman moto. A sabon tsarinsa na 2017 akwai lambobi huɗu: tsawon wuya, jure gurzuwa, jure yanka, da jure matsa. Lamba 2 ta fi lamba 1 ƙarfi. Amma alama ba ta da wuyar bugawa ga ɗan jabu, don haka hannunku ya zama alƙali.

Jama'a, mun san darajar kariya a wannan yanki. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya iska, a 1984 kuma aikin Keita ya fara ɗaure ƙasa da duwatsu. Waɗanda suka tsare gona daga iska da ruwa ba za su kasa tsare ƙafar manomi ba. Kakanninmu mahaya dawaki da dogon takalmin fata suke ratsa ƙaya. Dukawan da ke ɗinka balka a Tawa suna da hannun da zai ɗinka takalmi mai wuya, marar nauyi, mai ƴan ƙofofin shan iska, in aka ba su samfuri aka kuma tabbatar musu da masu saye.

Ina da roƙo uku. Ga hukumomi da ƙungiyoyin raya karkara: duk sa'ad da aka sayo wa ma'aikaci moto, a sa kuɗin hula da takalmi a cikin takardar sayen, domin hukumar da ta tura mutum daji ita ke da alhakin dawowarsa da ƙafafunsa. Ga ƴan kasuwa: wanda ke sayar da moto ya ajiye takalmi kusa da shi, masu bosho kuma su ware masu wuya su faɗa wa mai saye amfaninsu. Ga shugabannin ƴan kabu-kabu: ku yi adashe, ku sayo a dunƙule don farashi ya sauka, kuma kada ku ɗauki yaro ƙafarsa na lilo kusa da taya.

Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin takalmi bai kai kuɗin ɗori da zaman jinya ba. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.